Kafin a yanka gonakin talakawa da sunan masana'antu

Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, magana ta yawaita a kan yadda kowace ƙaramar hukuma za ta tsaya da ƙafarta. Abin da ke saurin zuwa bakin shugabanni shi ne fili: a ware hekta kaza a bakin titi, a kafa allo, a buga ƙasida mai sheƙi, a gayyato masu jari su gina masana'antu. Samar wa matasa aikin yi abin yabo ne, babu mai hankalin da zai ƙi shi. Sai dai ƙasar da ake tallatawa tana da masu ita, kuma shari'a ta daɗe da tsara yadda shugaba zai taɓa ta.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa riƙon amana. Filayen birni shi ke raba su, ƙaramar hukuma kuma tana bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara, wanda ba zai wuce hekta 500 domin noma ba, ko hekta 5,000 domin kiwo, sai da yardar gwamna. Dokar ta lissafa bunƙasa masana'antu cikin maslahar jama'a da za a iya karɓe fili dominta. Inda gizo ke saƙar shi ne diyya, domin abin da ke kan ƙasa ake biya, kamar shuka da bishiyoyi da gini, ban da ƙasar kanta. Manomin da ya gaji gona kaka da kakanni sai a ƙirga masa dawarsa da ɗorawa biyu a sallame shi, mai jari kuwa ya karɓi takardar mallaka ya kai banki jingina. Halascin wannan a doka bai wanke shi a wurin Allah ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa wanda ya ci taƙi guda na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi a wuya ranar alƙiyama har ƙasa bakwai.

Musulunci bai hana shugaba yanka wa mutum fili ba. Malaman fiƙihu suna kiran wannan iƙɗa'i, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa hukuncin mallakar matacciyar ƙasa littafi guda, Ta'alimur Radi. Amma kyautar tana tafe da sharaɗi. Manzon Allah ya yanka wa Bilal bin Haris al-Muzani fili mai faɗi a kwarin Aƙiƙ kusa da Madina. A zamanin halifancinsa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya ga Bilal ya kasa raya wurin duka, sai ya nuna masa cewa an ba shi ne don ya yi aiki, ya bar masa abin da zai iya, ya karɓe sauran ya raba wa Musulmi. Sahabi ne fa, kuma kyautar daga hannun Annabi ta fito, duk da haka ba a ƙyale shi ya killace ƙasa tana zaune banza ba. Daga Umar ɗin ne kuma aka ruwaito wa'adin shekara uku ga wanda ya kewaye fili bai raya shi ba.

To, mai karatu ya auna wannan da abin da ido ke gani a gefen manyan hanyoyinmu: katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, maigadi ɗaya, ciyawa har wuya. An karɓi wurin da sunan masana'anta, shekaru sun shuɗe ko inji ɗaya bai yi ƙara ba, ƙarshe a yayyanka shi fuloti-fuloti a sayar da tsada. Wannan shi ne ainihin abin da Umar ya hana.

Ko inda aka gina da gaske ma akwai darasi. Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da Kakuri a Kaduna, sun ciyar da dubban gidaje a lokacinsu. Da wutar lantarki ta gaza, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wasu masana'antun suka koma rumbunan ajiya. Fili kaɗai ba ya tayar da masana'anta, don haka hukumar da ba ta da tabbacin wuta da ruwa da hanya ba ta da hujjar tayar da manomi daga gonarsa. Ga kuma dagwalon masana'antun jima da ya daɗe yana kwarara cikin kogin Challawa, alhali ƙa'idar shari'a ce cewa ba a cuta, ba a cutarwa.

Abin da muke kira gare shi ba mai wuya ba ne. Duk filin da za a bayar a rubuta masa wa'adi a cikin takardar, idan ya cika ba a gina ba ya dawo, masu shi na farko su zama farkon waɗanda za a mayar wa. A liƙa sunan wanda aka bai wa, da faɗin wurin, da kuɗin da ya biya a bangon sakatariya, domin amanar da ake ɓoye lissafinta abar tuhuma ce. Diyya ta zo kafin katafila ta shiga, kuma ta kai ta sayi wata gonar. Sayyidina Umar, da zai faɗaɗa Masallacin Harami, sai da ya biya kuɗin gidajen da aka rushe, balle masana'antar da ribarta ta mutum ɗaya ce. Burtali da mashaya da maƙabarta kuwa kada ma su shiga taswira.

Dagatai da masu unguwanni su ake turawa su lallashi manoma su sa hannu, limamai kuma su ake kira su buɗe taron aza harsashi da addu'a. Duk wanda aka gayyata cikinmu yana da damar ya nemi ganin takardar wa'adi, ya kuma tambayi masu gonakin da bakinsu ko an biya su, kafin ya ɗaga hannu.