Tsohuwar Mota: Kayan Tarihi Ko Ƙarfen Awo?

Masu iya magana sun ce, tsohon doki sai mai shi. Duk wanda ya bi ta Zawaciki ko Sharada ko Challawa ko Bompai, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar mota jibge a bayan gareji, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, awaki na shan inuwarta. Mai wucewa tarkace yake gani, amma ga wanda Allah ya ɗora wa son tsofaffin motoci, wannan dukiya ce da ƙura ta rufe.

A Ingila, mai sha'awar motocin tsere na da, irin su Jaguar E-Type ta 1961 ko MGB ta 1962, yakan sayi tasa ta farko a wajen gwanjo, hukuma kuma ta yafe masa harajin hanya idan motar ta shekara 40. A Kano kuwa ba haka abin yake ba. Mafi yawa gado ne: ko dai motar mahaifi ce da aka jingine tun rasuwarsa, ko kuwa wani makanike ne ya tsegunta inda wata take kwance. Daga nan sai sintiri tsakanin Ƙofar Ruwa da mai walda da mai fenti, ana haɗa ta kaɗan-kaɗan, har ranar da injin zai tashi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasan masu kuɗi ne kurum. Motocin nan shaidu ne na wani zamani. A 1975 aka fara biyan kuɗin Udoji, ma'aikata da yawa suka sayi motarsu ta farko. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, da Volkswagen a Legas. Peugeot 504 ɗin nan da ake yi wa kallon motar haya, ita ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, ƙanwarta mai ƙofa biyu ta sake lashewa a 1978. Ashe dai motar tsere ta daɗe a ƙofar gidan Bahaushe.

Abin takaici shi ne, mai son tsohuwar mota yana da abokin takara wanda ya fi shi sauri, wato ɗan gwangwan. Shi ba ruwansa da shekarar ƙira, sikeli ne alƙalinsa. Rana ɗaya ta isa a daddatsa motar da ta yi shekara hamsin, a narkar da ita ta koma rodi ko tukunya. Ba a ga laifinsa ba, abincinsa yake nema. Laifin na magada ne da suka sayar ba tare da tambaya ba.

Mercedes ɗin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ran 13 ga Fabrairu, 1976, an adana ta a gidan tarihi na Legas, ɗalibai na zuwa kallo. To, me zai hana Kano, wadda aka taɓa harhaɗa manyan motocin Fiat a cikinta, ta keɓe wa irin waɗannan motoci rumfa guda kusa da Gidan Makama? Kafin a kai ga haka, ya kamata duk mai tsohuwar mota a gida ya nemi masu sonta kafin ya kira mai sikeli, domin abin da aka narkar ba ya dawowa.