A yashe kududdufin bayan gida, amma kada a ƙara masa zurfi

A daminar bara, wata ranar Alhamis bayan la'asar, ɗan maƙwabcinmu mai shekara shida ya bi ƙwallo cikin kududdufin da ke bayan layinmu a nan Tamale. Ruwan bai kai masa ƙirji ba. Laka ce ta riƙe ƙafafunsa, yana ƙoƙarin zare ɗaya, ɗayar na ƙara nutsewa. Allah ya kawo wani mai tura baro, shi ya jawo shi. Takalmin yaron har yau yana can ƙasa.

Tun daga ranar ake ta maganar yashe kududdufin. Na goyi bayan haka, amma abin da nake ji a majalisa yana ba ni tsoro. Da yawa sun ɗauka yasa ita ce a kawo mota ta haƙa rami mai zurfi don ruwa ya daɗe har bazara. Jama'a, idan muka yi haka, kabari muka haƙa wa 'ya'yanmu da kuɗinmu.

Mu tuna yadda aka samu waɗannan ramuka. Yawancinsu iyayenmu ne suka ɗebi ƙasar gini a wurin, ramin ya zama matattarar ruwa. Duk shekara ruwan sama na kwaso yashi, shara da leda ya zuba ciki. Daga sama sai ka ga ruwa kaɗan, alhali a ƙasa akwai taɓo mai santsi, ga gefe a tsaye kamar bango inda aka sari ƙasa. Yaro na cikin tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya sai ya ɓace.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi ci. Ƙaramin yaro idan ya faɗi rub da ciki, ruwan da bai kai idon sawu ba ma ya ishe shi, kuma ba ya samun damar yin ihu.

To me ya kamata mu yi? A jira rani, wajen watan Fabrairu zuwa Maris, lokacin da ruwa ya ƙafe. A kwashe lakar da ledojin duka. Sannan a cike ramin tsakiya da jar ƙasa da tsakuwa, a daddaɓe, ta yadda ko ya cika ba zai wuce ƙugun babba ba. A kwantar da gefensa: duk zurfin mita 1, a ja gangare mita 3 ko fiye, don wanda ya zame ya iya rarrafowa waje. A buɗe masa hanyar fita zuwa babbar kwata, a kuma kewaye shi ko da da ƙaya ne. Lakar da aka kwashe, in an tsince ledar, masu lambu za su karɓa hannu biyu.

Na san abin da masu kiwo da masu buga bulo za su ce: ruwa marar zurfi saurin ƙafewa yake yi, ga wahalar ruwa a Tamale. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ajiyar ruwan rani aikin dam ne na bayan gari, mai zurfi da shinge. Ramin da ke taki goma daga ƙofar makarantar allo ba wurin ajiyar ruwa ba ne. Ƙafewarsa da wuri ma riba ce, don sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya a ruwan da ya daɗe kwance suke samun wurin zama.

Kada kuma mu zauna jiran gwamnati. A rubuta wa ɗan majalisar unguwa, a nemi tifa ɗaya ko biyu ta ƙasa, wannan hakkinmu ne. Sauran aikin na gayya ne: shebur, diga, baro da samarin unguwa. Mu da muke haɗa kuɗin suna da biki a kwana uku, ba za mu kasa wannan ba. Sarakunan zango su sa rana, limamai su faɗa a huɗuba, tunda addininmu ya koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanyar mutane sadaka ce.

A layinmu mun tsayar da Asabar ta farko a watan Maris, bayan sallar asuba. Mahaifin yaron nan ne ya fara rubuta sunansa. Ku ma ku leƙa bayan gidajenku tun ruwa bai sauko ba. Allah ya tsare mana zuri'a.