Ɗalibin Agadas ya fara da neman wurin kwana kafin karatu

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar sakandare ta BEPC da ta BAC ya fito, sai a shiga neman mai laifi: malamai sun yi kaɗan, littattafai ba su isa ba, yajin aiki ya cinye watanni. Duk wannan gaskiya ne. Amma a jihar Agadas akwai tambayar da ta riga waɗannan, kuma ba a cika yin ta ba: a ina ɗalibin nan ya kwana jiya, me ya ci kafin ya shigo aji? A ganina, makarantar sakandare a wannan yanki ba za ta ce tana kula da lafiyar ɗalibi da kwanciyar hankalinsa ba sai ta ɗauki masaukinsa da abincinsa a matsayin aikinta.

Dalili yana cikin taswira. Agadas ta ɗauki fiye da rabin faɗin Nijar, mutanenta kuwa a warwatse suke, daga lambunan Timiya da Tabelot zuwa rijiyoyin makiyaya na Ingal, har zuwa Bilma da Dirku. Firamare tana iya bin yaro kusa da rugar iyayensa, kuma a yankunan makiyaya an daɗe ana haɗa ta da ciyarwa, da taimakon Hukumar Abinci ta Duniya. Sakandare kam, wato kolej da lise, sai a gari. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 da ya ci nasarar shiga aji na farko na kolej sai a damƙa shi ga mai masauki, wani dangi ko abokin mahaifi, wanda shi ma da ƙyar yake cika tukunyarsa. Wasu masu masaukin suna riƙon amana, Allah ya saka musu. Wasu gidajen kuwa yarinya ce mai ɗebo ruwa da wanke-wanke har dare, yaro kuma ya kwana a zaure cikin sanyin hunturu, da safe ya tafi aji da yunwa. Idan Tamajak ko Tubanci kawai ya iya sosai, ga Faransanci a allo ga Hausa a unguwa, kaɗaici ya ƙaru a kan yunwa.

Yaron da ke cikin wannan hali yana da wata ƙofa a buɗe. Tun 2014 da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, samari ke komawa gida da babur da waya, ɗan makaranta yana kallo. Ga rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Akokan a 2021, wanda ya rage ɗaya daga cikin ayyukan da ake nuna wa ɗalibi a ce ga amfanin takarda. Yarinya kuwa hanyar fitarta aure ce, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin shekara 18. Iyaye da yawa ba ƙin boko ya sa suke janye 'yarsu ba, tsoron barin ta a gidan da ba su yarda da shi ba ne, kuma tsoron nan yana da hujja.

Za a ce tarbiyya da ciyarwa hakkin iyaye ne, aikin makaranta koyarwa. Haka ne ga wanda gidansu ke bayan makaranta. Uban da ke kiwon raƙuma a nisan kilomita 200 ba zai iya sanin ɗansa ya kwana da zazzaɓi ba, kuma hukuma ce ta kira yaron gari, don haka nauyin ya hau kanta. Za a kuma ce babu kuɗi. Lallai makarantar kwana tana da tsada, kuma shirin gina wa 'yan mata makarantun kwana da gwamnatin Mohamed Bazoum ta fara bai yi nisa ba kafin juyin mulkin Yulin 2023. Sai dai shirin bai zama kuskure don gwamnati ta sauya ba, kuma ƙudurin Disamban 2017 kan kare yarinya mai karatu yana buƙatar rufi da tukunya kafin ya zama aiki. Ajin da aka gina, aka biya malami, rabin ɗalibai suka watse kafin BEPC, shi ma asarar kuɗi ne, sai dai ba a rubuta shi a kasafi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran Yamai. Kowace makaranta tana iya rubuta sunayen ɗaliban da ke zaune a hannun masu masauki tun makon farko na shiga, ta raba su ga malamai, mace ga 'yan mata, kowa ya ziyarci nasa ko sau ɗaya a wata. Kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye ke ciki, yana iya haɗa kai da masu unguwanni da 'yan kasuwar gari a samar da abincin rana ga waɗannan ɗalibai kaɗai, tun da ciyar da kowa ya fi ƙarfinsa. Masu cewa ɗakin kwanan 'yan mata na iya zama wurin ɓarna su ma a saurare su: a bar wa iyaye mata na yankin zaɓen uwar gidan da za ta riƙe makullin, a kuma ba su damar shiga su duba duk lokacin da suka zo gari.