Allon Lauya, Jiya da Yau

Waɗanda suka yi wayo a cikinmu kafin zuwan wayar salula a 2001 za su tuna yadda ake neman lauya a garuruwanmu. Nema ne na ƙafa da tambaya. Ofishinsa yawanci a saman bene yake, bisa shagon litattafai ko kemis, kuma abin da zai shaida maka ka iso bai wuce ɗan baƙin allo mai farin rubutu ba, ko na tagulla da yaron ofis ke gogewa kowace safiya. Suna ne da digiri, shi ke nan. In ka hau matakala sai ka tarar da akawu yana ƙwanƙwasa tafireta, takardar kabon a tsakanin shafuka, litattafan shari'a jere a kanta, baƙar riga rataye a ƙusa, hular gashin doki tana cikin gwangwaninta.

Ba rashin kuɗin fenti ya ƙanƙanta allon ba. Sana'ar ta zo mana daga Ingila da al'adarta, wadda ke ganin tallar kai zubar da girma ne. Har yau ƙa'idar aikin lauyoyin Nijeriya cewa take allon ofis ya zama madaidaici, mara ƙyale-ƙyale. Mu kuma a Arewa lauya baƙo ne a lokacin. Kotun alƙali, inda mafi yawan shari'unmu suke ƙarewa, a wancan zamani ba a barin lauya ya tsaya a cikinta. Sai a 1955 Jihar Arewa ta samu lauyanta na farko, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, kuma makarantar horar da lauyoyi ta Legas ba ta kafu ba sai 1962.

To, ta yaya ake samunsa? Ta hannun mutum. Wani kawunka da ya taɓa aikin En'e, ko maƙwabcinka ɗan kasuwa da ya taɓa shari'ar kanti, shi zai saka babbar riga ya raka ka. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, sai ya ce: "Barista, ga ɗan wajena. Gonar mahaifinsu ake so a cinye. Amana na kawo maka." Lauya ya ce: "Ranka ya daɗe, tun da kai ka tako da kanka, an gama." Abin da muka manta ke nan. Wanda ya kai ka ya jingina mutuncinsa ne. In lauya ya yi sakaci da fayil ɗinka, kunyar ta mutum biyu ce, kuma za su haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza kafin wata ya ƙare. Shi ya sa ake auna baki kafin a ce wane ya iya aiki.

Amma kada daɗin tuna baya ya rufe mana ido. Wannan tsari na mai kawu ne. Matar da mijinta ya rasu, ta taho daga ƙauye da takarda ƙulle a bakin zane, wa zai raka ta? Ita ce ke faɗawa hannun 'yan kamasho da ke zaune a gindin bishiya a bakin kotu, masu cewa sun san kowa, su karɓi na goro a wurinta, su karɓi kaso a wurin wanda suka kai ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shirun lauyoyin kirki shi ne tsagin. Talaka bai san farashi ba, bai san wa ya ƙware a fili, wa ya ƙware a laifi ba, don haka duk abin da aka gaya masa shi ne gaskiya.

Irin wannan damuwa ce ta fasa ƙofar a Amurka. Tun 1908 ƙungiyar lauyoyin ƙasar ta haramta talla. A 1976 wasu matasan lauyoyi biyu a birnin Finiks na jihar Arizona, John Bates da Van O'Steen, waɗanda suka buɗe ofis don masu ƙaramin ƙarfi, suka buga sanarwa a jarida da jerin farashinsu na ƙananan ayyuka, kamar rabuwar aure da ba jayayya da sauya suna. Aka tashi hukunta su. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1977 alƙalai biyar cikin tara suka ce hana lauya faɗin gaskiyar farashinsa tauye 'yancin magana ne. Ingila ma ta sassauta a shekarun 1980.

Abin dariya, daga wannan jiha ɗin ce aka fara ganin ɗaya fuskar. A watan Afrilun 1994 wasu lauyoyi miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar cike takardar cacar bizar Amurka zuwa dubban zaurukan intanet a lokaci guda, ba wanda ya nema. Ana lissafa wannan cikin tushen saƙonnin banza da ke cika mana waya a yau. Abin da suke neman a biya su a kai, mutum na iya yi da kansa da kuɗin kan sarki.

Mu a nan sai a 2007 sabon kundin ƙa'idojin aikin lauya ya buɗe ƙofar, shi ma rabi. An yarda lauya ya sanar da kansa, muddin babu ƙarya ko yaudara. Amma ba zai gwada kansa da wani lauya ba, ba zai kushe wani ba, ba zai yi alfahari da girman ofishinsa ko yawan shari'un da ya ci ba, ba zai bi mutane da takardun raba-gari ko 'yan kamasho ba. A ganina masu rubuta wannan sun san abin da suke tsoro. Shari'a ba atamfa ba ce da za ka murza ka ji kaurinta kafin ka biya. Sai bayan an yanke hukunci kake sanin abin da ka saya.

Yau ɗanka zai ɗauki waya ya rubuta "lauyan fili a Kaduna", sunaye su zubo. Abin da da yawanmu ba mu lura ba shi ne, waɗanda ke can sama da 'yar alamar talla gwanjo suka ci. Google na sayar da kalmomin da mutane ke nema, mai talla ya biya duk lokacin da aka taɓa sunansa, kuma a Amurka kalmomin lauyoyin haɗarin mota suna cikin mafi tsada. Sauran kuma akwai masu sana'ar gyara shafi don ya hau gaba. Ka buɗe shafuka biyar, ka ga hoton ma'auni da guduma iri ɗaya, da Turanci mai nauyi wanda ko mai digiri sai ya karanta sau biyu. A ƙasa ga taurari biyar daga mutanen da ba ka san su ba, ba za ka taɓa haɗuwa da su a masallaci ka ce "Malam, ga yadda muka ƙare da mutuminka" ba.

Duk da haka, in aka ce in koma zamanin allon tagulla, ba zan koma ba. Dalilina su ne yaran nan lauyoyi, maza da mata, da ke zama gaban waya ko a gidan rediyo suna bayani da Hausa tsantsa. Daga bakinsu mutane da yawa suka fara jin cewa a jihohi da dama ɗan hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida in ba a rubuta wata yarjejeniya daban ba, kuma mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watsar da kaya sai da umarnin kotu. Daga nan aka ji cewa a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, sayen fili mai takardar gwamnati bai kammala ba sai da amincewar gwamna. Aka ji cewa dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma ce mace na iya tsayawa beli. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma wannan ilimi a dā sai ka hau bene ka biya kuɗin ganawa. Wanda ya yi maka bayani ka gane, ka riga ka ga irin aikinsa, ba sai ya yabi kansa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne gaggawarmu. Za ka ga baiwar Allah ta zayyana rikicin gadon gidansu kaf a bainar jama'a, da sunaye da hoton takardu, tana neman amsa cikin minti biyu, alhali abokin shari'arta yana karantawa. A ofis, abin da ka gaya wa lauyanka doka ta tilasta masa ya riƙe. Abin da ka baza a Facebook kuwa na kowa ne. Kuma ba duk mai baƙar kwat a hoto ne lauya ba. Kowane lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙolin Nijeriya da lambarsa, kuma tun 2015 takardun da ya shirya suna ɗauke da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA mai sunansa. In ya ci amanarka, akwai kwamitin ladabtarwa da ke iya dakatar da shi ko soke sunansa ɗungurungum. Wanda ya karɓi kuɗinka ta waya da sunan da babu shi a rajistar, kwamitin ba shi da abin da zai soke. Wannan sai dai ka nufi wurin 'yan sanda, in ka san inda za a same shi.