Danjar keke ba kwalliya ba ce

1/ Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kekuna suka dawo titi, mu ɗalibai har da wasu malamanmu. Amma ku tsaya bakin hanya bayan magariba ku ƙirga masu jar fitila a baya. Za ku gaji da jira. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce "ai ina ganin hanya". Malam, wa ya ce don idonka aka yi danja? Ta mai adaidaita ce da direban tirelar da ke bayanka. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In sai a mita 20 ya hango ka, kafin ƙafarsa ta kai kan birki ya iso.

3/ Wani zai ce yana da jar robar nan mai ƙyalli. Sai an haska ta take aiki fa. Motoci nawa ne ke yawo da ido ɗaya a garin nan?

4/ Ni dai mai kunna kanta nake goyon baya. Tana da na'urar gane haske da ta gane motsi: duhu ya yi, keke ya motsa, ta kama. Ka jingine shi, can ta mutu. Duhun magariba a hankali yake shigowa, idonka ya saba da shi, ba ka san ka ɓace wa na baya ba. Lokacin ne ake manta danna maɓalli. Wasu ma suna ƙara haske in ka ja birki.

5/ Kafin ka biya, gwada ta a gaban mai shago. Rufe ta da tafin hannu, ka girgiza. Ta kama? To tsayar da hannun. In ta mutu nan take, ajiye masa kayansa. Matsalar tsohon dainamo ke nan, kana tsayawa a mahaɗa ka koma duhu. Ka duba ana ganin haskenta ta gefe, kuma akwai IPX4 ko sama da haka, saboda damina.

6/ Masu son ƙyaftawa kamar fitilar biki: a Jamus doka ba ta yarda danjar keke ta riƙa ƙyaftawa ba. Da dare tsayayyen haske ya fi taimaka wa direba ya auna nisanka. Da rana cikin hazon hunturu kuwa na'urar za ta ɗauka gari garau yake, don haka sayi wadda za ka iya kunnawa da hannu.

7/ Sannan don Allah a daina ɗaura ta ƙarƙashin sirdi a saki riga ko jaka ta rufe ta. In kana ɗora kaya, mai da ita bayan kariya. Goge ƙurar, kuma duk sanda aka kawo wuta ka jona ta tare da wayarka, don ba za ka gan ta ba ranar da cajin zai ƙare a hanya.