Lissafin bin sawu: abin da tarukan masanan hoto ke nufi ga ƙasashen Sahel

Daga watan Janairu zuwa Afrilu na shekarar 2019, cibiyar Henri Poincaré da ke birnin Faris ta tara masana lissafi na ƙasashe da dama, suka yi wata uku suna nazarin lissafin hoto. A ranar 10 ga Afrilun wannan shekara kuma, masana taurari suka nuna wa duniya hoton farko na baƙin ramin samaniya, hoton da aka harhaɗa da lissafi daga saƙonnin da tashoshi takwas suka kama. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar tafiyar malamin jami'a zuwa irin wannan taro yana da hujjar tambayar amfaninsa ga ƙasar da ke fama da fari da ƙarancin likitoci.

Lissafin da aka saba yi a makaranta yana tashi daga sanadi zuwa sakamako: 6 da 4 sun ba da 10. Lissafin bin sawu kuwa daga sakamako yake tashi, kamar maharbin da ke gane dabba daga sawunta. Idan aka ce jimilla 10 ce, aka nemi lambobi biyun da suka haife ta, amsoshin suna da yawa. Tun farkon ƙarni na 20, Jacques Hadamard, masani ɗan Faransa, ya bayyana sharuɗɗa uku na tambaya mai kyau: a samu amsa, amsar ta zama ɗaya tak, kuma ƙaramin kuskure a awo kada ya jawo babban kuskure a amsa. Tambayoyin bin sawu sukan karya sharaɗi na biyu ko na uku. A 1963 Andrei Tikhonov na Rasha ya tsara magani: a ƙara wa awo wani abu da aka riga aka sani game da abin da ake nema, domin a zaɓi amsa guda daga cikin masu yawa.

A nan ne daidaiton siffa ke shigowa, wato halin abin da ba ya canzawa ko an juya shi ko an gusar da shi, kamar faifai mai zanen da'ira. Ƙari a huhu ƙari ne, ko a dama ya bayyana a hoto ko a hagu. Na'urar da aka gina a kan wannan ƙa'ida tana buƙatar misalai kaɗan kafin ta koyi aikinta, kuma kuskurenta yana raguwa.

Amfanin farko a asibiti yake. A 1917 Johann Radon na ƙasar Ostiriya ya nuna yadda za a gano abin da ke cikin wani abu daga awon da aka yi ta kowace kusurwa kewaye da shi. Aikin ya zauna a takarda fiye da shekara 50. A 1971 aka ɗauki hoton kan majinyaci na farko a Landan da na'urar iskana ta Godfrey Hounsfield, kuma a 1979 shi da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, suka sami kyautar Nobel. Na'urar tana auna yawan hasken da ya ratsa jiki, lissafi kuma ya mayar da awon hoton da likita ke karantawa.

Amfani na biyu ya shafi damina. Bayan farin 1973 aka kafa ƙungiyar CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai. Tun 1977 taurarin ɗan Adam na Meteosat ke kallon Afirka, amma ba sa ganin ruwan da ya faɗi a gona. Abin da suke aunawa shi ne sanyin saman gajimare. Hadarin da ya yi tsawo samansa kan kai sanyin kamar digiri 40 ƙasa da sifiri, kuma daga yawan sa'o'in da irin wannan hadari ya yi a kan wani yanki ake ƙiyasta milimitan ruwa. Ƙiyasin ba ya inganta sai an gwada shi da ma'aunan ruwa na ƙasa, kamar waɗanda aka jera a kewayen Yamai daga 1990 a shirin EPSAT-Nijar. Da irin waɗannan taswirori hukumomi ke gane yankunan da amfanin gona zai gaza, su tsara kai cimaka. Masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa ma haka suke yi: suna aika lantarki cikin ƙasa, su auna abin da ya dawo, su ƙiyasta inda za a gina rijiya.

Darasin Tikhonov yana da nauyi a nan. Tunda awo kaɗai ba ya ba da amsa guda, wanda ya zaɓi ƙarin bayanin da aka zuba a lissafi yana da hannu a hoton da ya fito. Ƙa'idar da aka daidaita da gajimaren Turai, ko da jikin majinyatan wata nahiya, tana iya ba da hoto mai kyaun gani amma mai kuskure a Tawa ko Damagaram. Ƙasar da ba ta da masanin da zai binciki wannan zaɓi tana karɓar taswira ne bisa amana kawai.

Hanyoyin shiga suna nan. An kafa Ƙungiyar Masana Lissafi ta Afirka a Rabat a 1976. Cibiyar CIMPA, wadda aka kafa a birnin Nice a 1978, tana shirya makarantun bincike na kamar mako biyu a ƙasashe masu tasowa. Cibiyar AIMS ta soma a Afirka ta Kudu a 2003, ta buɗe reshe a Senegal a 2011. Sai dai halartar taro ba ta wadatar ba idan malami ya dawo ya ajiye takardunsa a akwati. Ya kamata a ɗaura kowace tafiya da sharaɗi: wanda ya je ya koyar da abin da ya samo a Jami'ar Abdu Mumuni ko a jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya kuma ɗauki matsala guda ta asibiti, ta ma'aikatar yanayi ko ta ma'aikatar ruwa ya yi aiki a kanta tare da ɗalibansa. Hukumomin da ke riƙe da awon ruwan sama da hotunan asibiti su ma ya dace su buɗe su ga masu bincike, tare da kare sirrin majinyata, domin ba a bin sawu sai da sawun a gaba.