Darajar Tamba Tana Cikin Dusarta

A 'yan shekarun nan tamba ta fito daga rumbunan manoman Filato da kudancin Kaduna ta shiga kantunan birni. Ana niƙe ta a ƙulla a leda, a liƙa mata takarda mai cewa tana ɗauke da sinadaran da masana ke kira antiyoksidan. Daga nan sai ɗan talla ya ɗora nasa: tana maganin ciwon suga, tana wanke jini, har ciwon daji tana kora. Sinadaran dai akwai su a cikin tamba, wannan ba ƙarya ba ce. Inda nake ja shi ne tsallen da ake yi daga samuwar sinadari zuwa da'awar warkarwa, domin tsallen yana cutar da majiyyaci, kuma a ƙarshe zai koma kan manomin da ake cewa ana yi dominsa.

Iskar oksijin da muke shaƙa ita ce ke sa ƙarfe tsatsa, ita ke sa yankakken dankali ya yi duhu, ita ke sa tsohon man gyaɗa ya canja wari. A jikin mutum ma, yayin da ake ƙona abinci don samun ƙarfi, akan bar wasu burbushi masu iya lalata ƙwayoyin halitta, kuma duk sinadarin da ke tare wannan ɓarnar shi ake kira antiyoksidan. Waɗanda ke cikin tamba yawancinsu dangin folifenol ne, kuma ɗaya daga cikinsu, wato tanin, ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne baurin da ke kama harshe idan an tauna goro. Shukar ba don mu take yin su ba, kariyarta ce daga fumfuna da ƙwari da tsuntsaye, shi ya sa ta tara su a fatar da ta lulluɓe ƙwayar. Jar tamba mai duhu ta fi fara yawansu nesa ba kusa ba. Wannan fata, tare da ƙanƙantar ƙwayar, na cikin dalilan da suka sa tamba ke shekaru a rumbu ƙwaro bai ci ƙarfinta ba, abin da ya sa mutanen tsaunukan Habasha da Yuganda, inda aka fara nomanta dubban shekaru da suka wuce, suka riƙe ta hatsin fitar da gida daga fari.

To amma ƙarfin da sinadari ke nunawa a kwalbar ɗakin gwaji daban, abin da yake yi a cikin ɗan Adam daban. Hanji kaɗan yake tsotsa daga folifenol, hanta kuma ta sauya fasalin wanda ya shiga, saura ya wuce ƙananan halittun da ke cikin babban hanji su yi aikinsu a kai. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta taɓa wallafa jadawalin da ke jera abinci bisa ƙarfin antiyoksidan ɗinsu, amma a 2012 ta janye shi, saboda alƙaluman ba su nuna abin da ke faruwa a jiki ba, kuma 'yan kasuwa sun mayar da su kayan talla. Tun kafin nan an sha darasi mai ɗaci. A Finlan an bai wa maza masu shan taba, su kusan 29,000, ƙwayoyin bitamin E da beta-karotin, waɗanda su ma antiyoksidan ne, ko na bogi, da fatan rage dajin huhu. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna cutar ta ƙaru da kimanin kashi 18 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha beta-karotin. Abin da bincike ya fi tsayawa a kai shi ne cewa masu yawan cin hatsi da dusarsa sun fi samun sauƙin ciwon zuciya da ciwon suga irin na manya. Amfanin na hatsin ne dungurungum, da harzarsa da ma'adinansa. Tamba kuwa a nan ba ta da abin kunya: giram 100 nata na ɗauke da kalsiyam kusan miligiram 340, fiye da ninki goma na farar shinkafa.

Wani zai ce ai masu ciwon suga da dama sun koma tamba kuma sun ji daɗinta. Ba na musu. Wanda ya bar farin burodi da shinkafa ya koma tuwon tamba ya yi canji mai ma'ana. Sai dai tamba hatsi ce, mafi yawanta sitaci ne, kuma yadda aka sarrafa ta shi ke yanke hukunci. Idan aka niƙa ta luƙui, aka tace, aka dama kunu mai ruwa-ruwa aka zuba sukari, sugan jini zai hau da sauri kamar kowane kunu. Abin takaicin ma, dusar da rariya ta tare aka zuba wa awaki, a cikinta sinadaran da aka saya da tsada suke. Haɗarin da ya fi wannan shi ne majiyyaci ya ajiye maganin asibiti don an ce masa ya sami madadi. A nan hukumar NAFDAC ke da aiki a kan abin da ake rubutawa a jikin leda.

Akwai kuma masu ja ta ɗaya ɓangaren, cewa tanin da wani sinadari mai suna faitet suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka gara a surfe tambar tas, musamman a ƙasar da ƙarancin jini ya addabi mata masu ciki da yara. Wannan magana tana da tushe. Amma maganin matsalar ya daɗe a madafar iyayenmu: jiƙo, da barin hatsi ya yi tsiro, da barin gasara ta kwana ta yi tsami, duk suna rage faitet sosai, lemun tsami a kunu ma yana taimakon tsotsar ƙarfen. Wani kaso na folifenol zai tafi da ruwan jiƙo, kuma wannan asara ce da za a iya ɗauka.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kasuwa: idan zuzutawa ce ke sa hatsin manomi ya yi daraja, me ya sa za a kashe masa kasuwa? Kinuwa, wata ƙwayar abinci ta tsaunukan Andis, ta ba da amsa. Da Turai da Amurka suka ɗauke ta abincin mu'ujiza, farashinta ya ninka kusan sau uku tsakanin 2006 da 2013, sannan manyan gonaki a ciki da wajen yankin suka shiga nomanta, farashin ya faɗi, ƙaramin manomin Bolibiya ya koma yana gasa da waɗanda suka fi shi jari. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman tamba kuma ta jagoranci ayyana 2023 shekarar dangin gero a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi wata hanyar: jihar Karnataka tana sayenta daga manoma tana raba ta cikin hatsin tallafi, wato kasuwar da ba ta dogara da yayi ba. Manomin tamba a nan gida matsalolinsa sanannu ne. Ciyawar tuji 'yar'uwar tamba ce, kamarsu ɗaya suna ƙanana, shi ya sa noman farko ke cin kwanaki. Sussuka da sheƙa har yanzu aikin hannun mata ne a wurare da yawa, kuma yashin da ke shiga ƙwaya a masussuka shi ke korar mai saye a birni. Injin sussuka mai araha, da shimfiɗar shanya, da buhun tamba a cikin shirin ciyar da 'yan firamare a Filato da Kaduna, kowannensu zai ƙara wa manomi kuɗi ba tare da an yi wa mai ciwon suga alƙawarin ƙarya ba.